Baba Kalla da Kwalbar da Ba a Rufewa

Duk mai bi ta layin 'yan albasa a unguwar Adjamé ta Abijan da safe ya san abin da Baba Kalla ke fara yi. Masu gbaka, ƙananan bas ɗin haya, suna can suna kiran Abobo da Yopougon, 'yan wotro suna tura kaya suna neman hanya, mai shayi yana fifita gawayi, shi kuwa zai taho da sandarsa yana jan ƙafar dama, ya wuce ƙofar magazarsa, shagon da yake ajiye albasa, kamar ba tasa ba, ya zagaya baya. Can bayan, inda babu rufi babu itace, akwai wani ƙarfe a kafe. A kansa an ɗaure wata doguwar kwalbar roba mai baki kamar mazurari, jikinta duk zanen lamba. Zai dafa bango ya rusuna a hankali, gwiwar nan tana ƙara, har idonsa ya yi daidai da inda ruwa ya tsaya. Ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya aika. Sai ya kwance kwalbar ya juye ruwan a gindin tattasan da ya shuka a tsohon bokiti. Kafin ya tashi kuma sai ya miƙa hannu ya tsoma yatsa a wani gwangwanin madara mai tsatsa da ke kan bulo a gefe, ya dubi yatsan, ya zubar da ruwan.

Sai ya gama wannan kake samun gaisuwar kirki a wurinsa. Kafin nan, in ka ce masa ina kwana, hannu kawai zai ɗaga maka. Ranar da ba a yi ko ɗigo ba ma sai ya je, ya ɗauki hoton kwalba wayam ya aika. 'Yan layi suna tsokanarsa wai yana aika wa Turawa hoton iska. Shi dai abin da yake cewa, ranar da aka yi ruwa kowa ya gani, amma ranar da ba a yi ba in bai faɗa ba wa zai tuna?

Ni Zalihatu ce, daga kur ɗin Inna Mairama, wato gidan haya mai tsakar gida ɗaya, da ke gangare. Kwanan nan na yi arba'in, kuma tun ranar suna maganar nan take cina, duk wanda ya zo barka sai na tsare shi da ita. Yanzu da na ji Baba zai bar layi ya koma Treichville ya huta, na ce wallahi ba zai tafi shiru ba. Abin da ban gani da idona ba Alhaji Sayyadi ne ya ba ni, maƙwabcinsa a layi, da Hanan 'yarsa, da Inna Mairama. In na yi kuskure suna nan da ransu, su gyara.

Baba Kalla mutumin wajen Galmi ne, ya sauko Abijan yana saurayi a bayan kamiyo, babbar motar albasa. Ya ce a garinsu in an yi ruwa da dare, da safe mahaifinsa zai fita gona ya tona ƙasa da hannu ya ga iyakar inda damshi ya kai, daga nan zai san ko a yi shuka ko a dakata. Shi kuma ya zo garin da ko'ina siminti ne da kwalta, ruwa ya yi ta zuba har mutum ya gaji, amma babu inda zai tona. Hannunsa ya yi ta masa ƙaiƙayi. Shi ne ya sami gwangwanin madara ya ajiye a bayan magaza, in an yi ruwa ya tsoma yatsa. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda yake faɗa wa. Haka ya yi ta yi har ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, gemu ya yi fari.

Hanan ce ta kawo kwalbar. Lokacin tana karatu a jami'a ta shiga wata ƙungiya ta masu auna ruwan sama, waɗanda suke raba ma'auni ga mutanen gari su riƙa dubawa suna aikawa. Ta ce da aka tambayi wa ya san mai haƙurin yin abu ɗaya kullum ba gajiya, dariya ta yi ta ce ai a gidansu yake. Ta zo ta yi masa bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, don Hausarta ba ta da ƙarfi, a nan aka haife ta. Ya saurara ya ce shi gwangwaninsa ya ishe shi. Sai ta buɗe waya ta nuna masa taswirar duniya duk ɗige-ɗige. Ta ce kowane ɗigo mutum ne: wani manomi ne, wata malamar lekol ce mai koyar da yara, wani tsoho ne da ya bar aiki, kowa yana duba kwalbarsa da safe a ƙasarsa. Ta ce na'urorin manya ba su da yawa, kuma a gari irin Abijan sai ruwa ya tsuge a Adjamé alhali a Treichville ana shanya. Ta matso da taswirar har Adjamé ta fito, babu ɗigo ko ɗaya. Hanan ta ce ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya tambaye ta a wane ƙarfe za a ɗaura abin. Gwangwanin dai ya ƙi yarda a taɓa masa. Ya ce ba a korar tsohon abokin zama don an yi sabo.

To ku ji inda abin ya shafe mu. Layin albasa a tudu yake. Mu kuwa can ƙasa muke, bakin babban kanibo, lambatun da ke kwashe ruwan unguwa gaba ɗaya. Duk abin da ya zuba a kan rufin su Baba, wurinmu yake gangarowa, da leda da buhu da ɓawon albasa. In kanibo ya cika ya toshe, kur ɗinmu ne ke fara sha. Kuma ruwan ba ya sallama. Sai a wajenmu ana ɗan yayyafi, mata suna girki, kawai ka ga baƙin ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Ƙungiyar ba ta sa Baba ya kula da wannan ba, aikinsa hoto ne kawai. Amma duk ranar da ya ji ruwa ya shiga gangare sai ya sauko da sandarsa ya yi jaje, ya tambayi ina ruwan ya kai, ya koma ya dubi kwalbarsa. Damina bayan damina har ya gane iyakar. Ya karɓi jan farce wurin Hanan ya ja layi a jikin kwalbar. In ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan kwanakin baya, kuma na yau ya kai jan layin nan tun hadari bai huce ba, to kafin tukunyar shinkafa ta nuna ruwa yana ɗakunanmu. Daga nan ya fara kiran waya. Inna Mairama yake kira, don ita ce babbar kur, kuma taubashiyarsa ce, ba sa haɗuwa ba su yi faɗa ba. Ita tana ce masa Mai Kwalba, shi yana ce mata Sarauniyar Gardama. In ya kira ta yi ta mita wai tsoho ya rasa aikin yi, amma tana mita tana ɗora katifa a kan kabad. Sannu a hankali mutane suka saba. In hadari ya haɗo sai a tambayi Inna ko Mai Kwalba ya kira. In ta ce bai kira ba, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Yanzu sai na gaya muku wata al'ada ta 'yan albasa, don wanda bai san ta ba ba zai gane sauran labarin ba. Albasa ba ta son ruwa, in ta jiƙe ta ruɓe. Saboda haka a layin nan, da hadari ya taso, ba ka tsayawa tambayar kayan wa. Maƙwabcinka ya tafi masallaci ko asibiti, kai za ka ja bash, wato tampol, ka rufe masa buhunansa kafin ma ka rufe naka. Tabarmarsa, takalminsa, rediyonsa, duk abin da ka gani a fili na mutum ka lulluɓe shi. Wanda ya ga kayan maƙwabci suna jiƙa ya kau da kai, ba za a sake ba shi hannu da daɗin rai ba. Da wannan aka raine su tun daga gida.

Wata Juma'a, ban ma zo gidan ba lokacin, Baba ya haye gada zuwa Treichville duba Hanan da ba ta da lafiya, ya yi sallah a can. A can Treichville, wajen Gare de Bassam, rana ake yi, sai ɗan gajimare. Da ya fito masallaci ya hango arewa ta yi baƙi ƙirin. Ya kira Alhaji Sayyadi ya ce don Allah ya zagaya baya ya duba masa ina ruwa ya kai a kwalba. Alhaji da kansa ya ba ni wannan, yana ba ni yana rufe fuska da hula. Ya ce da murnarsa ya amsa:

"Kalla, kwantar da hankalinka. Tun kafin ya sauko na rufe maka ita da leda, na ɗaure tam. Ko ɗigo bai shiga ba."

Baba ya ce masa ya duba gwangwani, sai layin waya ya yanke. Ya yi ta kiran Inna Mairama bai samu ba. A gangare kuwa an tambayi Inna, ta ce Mai Kwalba bai kira ba. Kowa ya zauna. Ranar ruwa ya kai ƙugu a ɗakin ƙurya. Samari ne suka fito da Inna a kan ƙyaure, wani kwanon rufi da ruwa ya kwaso ya yanke ta a ƙwauri, har yau tabon yana nan. Allah ya tsare ba a rasa rai ba.

Hanan ta ce mahaifinta ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Abin da ke damunsa, wai shi ne ya koya wa mutane su dogara da kiransa, har shirunsa ma suka ɗauka magana ce. Wani ya ba shi shawara ya bar abin haka nan, tunda ba aikinsa ba ne kuma ba a gode masa. Ya ce ai yanzu ne ba zai bari ba. Ya bi layin rumfa rumfa yana roƙo: ku rufe albasata, ku rufe takalmina, ni ma in kun ga dama ku rufe ni, amma kwalbar nan aikinta ke nan ta jiƙe. Kowa ya ce to. Amma hannun da ya saba ba ya jin to. Bayan nan an sake rufe ta ba sau ɗaya ba, wani ma har da ɗora mata kwando. Sai Baba ya yi dabara. Ya je wurin Alhaji Sayyadi ya ce tunda duk layin ba wanda ya kai shi saurin hannu in hadari ya taso, shi zai zama mai gadin kwalba, duk wanda ya nufe ta da leda ya kore shi. Alhaji ya riƙe aikin nan kamar sarauta. Daga ranar kuma Baba bai sake ƙetare gada a cikin damina ba. Hanan ta haihu a tsakiyar ruwa, sai da damina ta ja baya ya je ganin jikansa, ta yi fushi ta huce.

Kai ne, Baba, da aka yi maka ɓarna da kyakkyawar niyya ba ka zagi kowa ba, ka mai da mai ɓarnar mai gadi. Kai ne mai ido a tudu don na gangare su yi barci.

To sai bana, ranar sunan ɗana.

Baban yaro a Por yake aiki, wajen sauke kayan jirgi a Treichville, kuma tun da ya zo garin nan Baba Kalla ne ya riƙe shi kamar ɗa. Shi ya sa ya je har layi ya ce wa Baba lallai shi zai zauna kusa da malam ranar suna. Makon nan duka ruwa ake yi, ƙasa ta ƙoshi har ta gaji. Amma safiyar ranar gari ya waye garau. Aka kafa bash a tsakar kur, aka shimfiɗa tabarmi, rago yana ɗaure, mata sun ɗora tukwane. Baƙi sun zo daga Treichville da Koumassi. Dattawan layin albasa kaf suka sauko da manyan riguna. Ni ina ɗakin ƙurya, ɗakin nan da aka taɓa fito da Inna a kan ƙyaure, an gama yi min wanka, ina shan kunun kanwa, yaro yana kwance a katifa a ƙasa.

Malam ya gyara zama, an fara raba dabino da goro, sai aka soma yayyafi. Alhaji Sayyadi ya ce yana kusa da Baba, ya ga ya ɗaga kai ya kalli tudu ta gefen bash. Can sama gari ya haɗe, har ba a ganin rufin gidaje. Sai Baba ya juyo ya kalle shi, ya kalli sauran dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi a hankali wa aka bari a layi. Babu kowa a layi sai wani direba, Rabilu, da ya iso daga Galmi da asuba yana sauke kaya, baƙo ne, ba wanda ke da lambarsa, ba kuma wanda ya gaya masa komai.

Baba ya dafa sanda ya miƙe. Malam bai faɗi suna ba, ba a yi fatiha ba. Kun san abin da wannan yake nufi a wurinmu, babban baƙo ya tashi ana tsakiyar raɗin suna. Baban yaro ya bi shi har ƙofa yana cewa Baba ɗan dakata kaɗan mana, yanzu za a gama. Ya ce masa addu'a tana iske mutum ko'ina yake, ya fita. Inna Mairama ta leƙo daga wajen tukwane ta ce a ƙyale shi, kwalba ce uwarsa kwalba ce ubansa. Ni kaina da labari ya shigo ɗaki raina ya sosu, ba zan ɓoye ba.

Alhaji ya zari lema ya bi shi. Ya ce tun suna rabin hawan nan ruwa ya tare su kamar da bakin ƙwarya, iska ta juye lemar ya yar da ita. Titi ya zama rafi, ruwa yana dukan ƙafafunsu yana neman mai da su baya. Babu gbaka babu tasin woro-woro, kowa ya fake. Gwiwar Baba ta ƙi, ya faɗi ya dafa ƙasa da hannu, babbar rigar sunan duk ta zama laka. Alhaji ya ce masa su fake a wata rumfa ya ɗan lafa. Baba ya ce in ya lafa amfanin me za su yi? Ya rataya hannu a wuyan Alhaji suka ci gaba, tsoho yana jan tsoho, Alhaji yana cewa shi dai da ya sani da ya sayar da doya tun farko.

Suka isa. Rabilu ɗan halak ne, ya yi aikin da aka koya masa a gida. Ya rufe albasar layin gaba ɗaya shi kaɗai, ya kwashe takalman mutane, ya kifa tabarmi. Kwalba kuwa ya ga abu mai kyau na masu gida, ya naɗe ta da sabuwar leda, ya ɗaure da igiyar buhu. Ya fito daga ƙarƙashin mota yana murmushi yana jiran a ce sannu. Alhaji Sayyadi ya buɗe baki zai ci mutuncinsa, shi da ya fara yin haka a duniya. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce wa Rabilu Allah ya yi masa albarka, kayan maƙwabci ya tsare. Sai ya wuce kwalbar ko kallonta bai yi ba, ya durƙusa gaban bulo. Gwangwanin madara yana nan baki buɗe. Wa zai ɓata leda a kan gwangwani mai tsatsa?

Ya tsoma yatsa. Shekara da shekaru yana duba su biyun tare kowace safiya, ya san inda jan layin kwalba yake a yatsansa. Ruwa ya haye gaɓa ta biyu, kuma sama ba ta da niyyar yin shiru.

Wayar baban yaro ya kira. Lokacin an gama fatiha, an yanka rago, a wajenmu ruwan bai fi na jiƙa riga ba. Ya ce a kwashe kowa a hau sama yanzu, a fara da mai jego. Baban yaro ya zo ƙofar ɗaki, Inna Mairama ta tare ƙofa. Ita ke yi min wankan jego, kuma ita ce gwaggonsa, ba ya iya ɗaga mata murya. Ta ce a ina aka taɓa fitar da mai ɗanyen jiki cikin ruwan sama da jaririn da ko cibiyarsa ba ta gama warkewa ba? In sanyi ya shige ni wa zai cire? Ta ce tsohon da ya tashi ya bar suna ba shi da bakin ba da umarni a gidan nan. Baban yaro ya rasa yadda zai yi, sai ya buɗe muryar waya ya miƙa mata. Ina jin ruwa yana dukan kwano ta cikin wayar, da numfashin Baba sama-sama.

"Mairama, tun da nake kiranki, na taɓa tashinki a banza?"

Ta ce ba ta sani ba, ita ba ta lissafin surutun tsofaffi.

"To dubi ƙwaurinki. Ranar nan ban kira ba. Yau na kira. In kin fitar da su ruwa bai zo ba, ki zage ni har in mutu, na yarda. Amma ki fitar da su."

Inna ta sunkuya ta dubi ƙafarta, ta dubi yaron a katifa. Sai kawai ta juya ta daka wa mata tsawa wai me suke jira, su kawo zannuwa. Ta naɗe ni kamar gawa, ta ɗaure min kai da kunnuwa, ta saka yaron a ƙirjinta ta rufa da mayafi. Dattawan albasa suka kwance bash ɗin suna, kowa ya kama gefe, suka ɗaga shi a kanmu. Ai aikinsu ne, ko ɗigo bai taɓa mu ba. Haka muka tsallaka titi a ƙarƙashinsa zuwa gidan Tanti Akisi mai etaj, wato gidan sama, wata 'yar ƙabilar Baule mai sayar da aceke na garin rogo, tana tsaye a matakala tana yi mana sannu da yarensu, yako, yako, ku hau. Samari suka biyo da tukwane a kan wuta-wutarsu, wani ya saɓo ragon da ba a gama feɗewa ba, aka hau da malam da tsofaffi.

Shinkafar ba ta nuna ba kanibo ya ɓalle. Ina tsaye a tagar Tanti na ga baƙin ruwa ya shigo kur ɗinmu da ƙarfinsa, ya kwashe tabarmi da murhu da kujerun haya. Ya shiga ɗakin ƙurya. Can sai ga katifar nan ta fito ta ƙofa tana yawo a kan ruwa, da ɗan zanen da yaro ya kwanta a kai. Inna Mairama tana gefena. Ta ƙara matse yaron, ya yi kuka, ta ƙi sassautawa.

A saman gidan Tanti aka ci sunan, a cunkushe, har kan matakala. Hanan ta ce ko a ranar bai fasa aika wa ƙungiya ba. Hoton kwalbar a naɗe cikin leda ya aika, ya ce ta rubuta musu yau ba shi da awon kwalba, abin da yatsansa ya gani a gwangwani ne kawai yake da shi, kada su haɗa su. Ta ce masa ai zai iya juye na gwangwanin ya ƙiyasta. Ya ce abin da kwalba ba ta sha ba ba zai ce ta sha ba.

Da la'asar, ruwa ya janye, Rabilu ya sauko da shi a gaban mota don ƙafar ta kumbura ba ya iya takawa. Aka ɗauko shi aka hau da shi. Ya zauna cikin rigar aro, ya ce a yafe masa tashin da ya yi, sannan ya tambayi wane suna aka sa wa yaron, don har lokacin bai ji ba. Aka yi ta murmushi. Ni ba zan iya faɗa ba, ɗan fari ne, kuma ko ba don haka ba sunan ya fi ƙarfin bakina. Inna ce ta ɗora masa yaron a cinya.

"Sunanka aka sa masa, Mai Kwalba. Tun yana ciki ubansa ya yanke. Da ka zauna kamar mutane da ka ji da kunnenka."

Ya ce da ya zauna kamar mutane da yanzu Sarauniyar Gardama tana yawo a lagun, can bakin teku, a kan ƙyaure. Aka yi dariya, amma hular ya ja ya rufe ido. Ya miƙa wa yaron yatsa, yatsan nan dai, yaron ya damƙe.

Likita ya ce gwiwar ba ta sake hawan tudu. Hanan za ta tafi da shi Treichville, ta riga ta kafa masa ƙarfe a bayan gidanta, don ya ce ba zai zauna inda babu kwalba ba. Ta layi kuma Alhaji Sayyadi ne zai riƙe, yana ta koyon ɗaukar hoto, rabin hotunan babban yatsansa ne. Rabilu ya nemi ɗaya zai kai wa yayansa manomi a Galmi. Inna Mairama ta aika wa Hanan wai a kawo mata tata a kur, ba don komai ba, don kada wani tsoho ya sake yi mata gori. Gwangwanin ne ake rigima a kai. Baba ya ce da shi zai tafi, Alhaji ya ce sai dai a bi ta kansa.

Baba Kalla, na gode. Baban yaro ya gode, kur ɗinmu gaba ɗaya ta gode. Kai ne ka tashi ka bar tabarmar girma ana kallonka, ka yarda a ce ba ka da ta ido, ka hau tudu da ƙafa ɗaya don jaririn da ko sunansa ba ka ji ba. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya ja kwananka ka ga takwaranka yana gudu.

Ku kuma 'yan uwa na Adjamé da Treichville da duk inda wannan ya kai, taswirar nan ta Hanan har yanzu unguwanninmu fari ne fat a jikinta, ɗigon Baba ne kawai da 'yan kaɗan. Abin ba ya son karatu mai nisa. Fili yake so inda babu rufi, da waya, da mutumin da zai duba kowace safiya ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Wanda ke tudu ya duba wa na gangare. Mu matan kur ɗin Inna mun riga mun raba kwanaki, ni ma ina ciki, da goyo zan riƙa fita. Kuma don Allah in hadari ya taso ku ci gaba da rufe kayan maƙwabci yadda iyayenmu suka koya mana. Amma in kun ga kwalba a kan ƙarfe, ku riƙe ledarku, ku bar ta ta jiƙe.